Fuskar Ɗan Fari

"Tambaya ɗaya zan yi miki, Bashira. Ina kika san shi?"

Bashira ba ta ɗago ba. Ta tsoma burushi a kofin ruwa, ta girgiza shi, ruwan ya koma shuɗi.

"Yau sallama ma ta gagare ka?"

"Assalamu alaikum. Ina kika san yayana?"

Sai a lokacin ta dube shi. Yusha'u ne tsaye a bakin shagonta, takalminsa duk laka, idanunsa jajur. Ya miƙo mata waya. Zanenta ne a ciki, zanen da ta yi alkawarin idon kowa ba zai gan shi ba.

Gabanta ya faɗi. Amma Bashira ba ta cikin matan da ake gane faɗuwar gabansu a fuska.

"Wa ya turo maka?"

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Ni kuwa shi na tambaye ka."

"Shekara guda ke nan da rasuwar Auwal," in ji shi. "Bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba, kin san gidanmu ba a yi. Kin ce min ba ki taɓa ganinsa ba. To ga shi nan, har tabon da ƙaho ya yi masa a gira. Tabo ba komai ba ne, wani zai iya faɗa miki. Amma dariyar nan fa...?"

Muryarsa ta karye.

"Ni da muka fito ciki ɗaya, ban gan ta sau biyar ba. Auwal ba ya yi wa mutane dariya. Wa yake yi wa ita, Bashira? Ke?"

Ta ajiye burushin a hankali.

"Ban taɓa ganin yayanka ba. Ko a hanya."

"To ta ina?"

"Ba zan faɗa ba."

"Saura sati biyar bikinmu, ki ce ba za ki faɗa ba?"

"Ko saura awa biyar."

"Zumata, don Allah..."

"Ajiye zumar nan. Wanda ya shigo yana zargina da ɗan'uwansa da ke kabari ba shi da zuma a shagon nan."

Ya daɗe yana kallonta. Ita ma ta kafe shi da ido. Daga ƙarshe ya juya, ta ji ya tada mashin ya tafi. Sai da ƙarar ta ɓace ta tashi ta turo ƙofa, ta zauna a ƙasa tsakanin takardunta, ta yi kuka kamar ranta zai fita.

Duk Kontagora an san Bashira 'yar Malam Mahfuz da abu biyu: hannu da baki. Hannun, in ta zana mutum da fentin ruwa sai ka ce zai amsa gaisuwa. Bakin kuwa, Allah ya tsare ka da shiga cikinsa. Tun da ta gama karatun zane ta kama ɗan shago kusa da asibitin ido, amare da 'yan fansho suna zuwa ta zana su. Nan Yusha'u ya same ta shekara biyu da suka wuce, malamin dabbobi ne, ɗan Modibbo, babban malamin rugar Fulani ta Bobi. Ya shigo fakewa daga ruwan sama, ruwan ya ɗauke, shi bai tashi ba.

Auren bai zo da sauƙi ba. Mamanta ta ce ba za ta kai 'yarta ruga ba. Modibbo ya ce ba zai haɗa zuri'a da mai zana abu mai rai ba. Aka yi wata takwas ana ja, kafin kowa ya sassauto yana ƙunƙuni aka sa rana.

Wata Laraba, bayan sa ranar da kwana kaɗan, wata dattijuwa ta leƙo shagon. Siririya ce, ta ja mayafi har goshi, tana tafe tana laluben bango.

"Ke ce Bashira?"

"Ni ce, Inna. Shigo."

"Ni ce uwar Yusha'u."

Bashira ta zube ƙasa ba ta san ta zube ba. Uwar miji ta zo wurin surukar da ba a ɗaura wa aure ba, ita kaɗai, a shago? Ko a mafarki ba a yi.

"Tashi, ɗiyata, ba ni da lokaci. Ana kawo ni asibiti kowace Laraba, yanar ido ce ta rufe min gani. Na bar katina a layi na sulalo." Ta zauna a bakin benci. "An ce min laifinki ɗaya, kina zana mutum kamar ya yi magana."

"Haka suka ce."

"Wanda ba ki gani ba fa?"

"Sai da hoto, Inna."

"Babu hoto. Ni ce hoton." Ta sunkuyar da kai. "Babban nake so ki yi min... wancan ɗin."

Bashira ta gane. Auwal ɗan fari ne, kuma Inna Aishatu Bafillatana ce ta asali. Shekara talatin da ɗaya ba ta kama sunansa ba, ba ta dube shi a gaban mutane ba, ba ta yi masa hira ba. Ran da ruwa ya ci shi yana ƙetarewa da shanu, mata suka cika rugar da kuka, ita tana zaune ido a bushe, ana ta yaba kunyarta.

"Likita ya ce aikin ko ya yi ko kada ya yi," in ji Inna. "Ban taɓa kallonsa na ƙoshi ba. Kullum sata nake yi. Ina so in dube shi sau ɗaya, ido cikin ido, kafin duhu ya zo. Amma ki rantse min, ba mai ji. In Malam ya ji na sa an zana mamaci, in matan ruga suka ji ina begen ɗan fari, ina zan sa kaina?"

Bashira ta rantse. Da ta san abin da rantsuwar za ta ja mata, da ma rantsewar za ta yi, don haka Allah ya yi ta.

Laraba shida suka yi. Fentin ruwa ba ya karɓar gyara, in ka kuskure ba gogewa, in ka ƙara a kai ya dagule, sai dai sabuwar takarda. Bashira ta fara da fuskar Yusha'u, Inna ta kai takardar har bakin hancinta ta girgiza kai.

"Hancinsa ya fi wannan tsawo."

"Haka?"

"Kuncinsa ya fi faɗawa. Kunnen hagu ya ɗan karkata, tun yana goye na kwantar da shi a kai."

Takarda goma sha ɗaya suka lalata. Matar da aka ce ba ta taɓa kallon ɗanta ba ta san adadin gashin da tabo ya cinye a girarsa. A Laraba ta biyar ta ce fuskar ta yi, amma ba shi ba ne.

"Ya ɗaure fuska. Wannan na mutane ne."

"Naki fa, Inna?"

"In yana cikin maruƙa shi kaɗai, yakan yi musu dariya. Haƙorinsa na gefe a karye yake. Akwai tsaga a zanar bayan ɗakina, ta nan nake leƙe."

Ran da aka gama, Inna ta riƙe takardar ta fi rabin awa tana kallon ta. Sai can ta fara magana, ba tare da ta ɗago ba.

"Da safen da zai tafi ya zo bakin ɗakina. Ya ce, 'Inna, zan ƙetare da shanu.' Na ga leɓensa ya bushe, na ga yana rawar ɗari. Zazzaɓi ne, na sani. Amma mata uku na zaune a wurina. In buɗe baki in ce ɗan fari ya zauna ba shi da lafiya? Sai na juya na ci gaba da kaɗa nono. Ko 'Allah ya kiyaye' ban ce masa ba."

Hawaye ya zubo mata. Ta yi saurin janye takardar kada ya ɗiga a kai.

"Ajiye min a nan, ba ni da wurin ɓoyo. Ki rufe shi, kin ji?"

Bashira ta ce ta ji. Nan ta yi nata kuskuren. Tun da ta fara riƙe burushi ba ta taɓa yin aiki kamar wannan ba, kuma zuciya ta hana ta rufe shi. Ta jingine shi a bango tana aiki tana kallo. A haka Shamsiyya ta shigo.

Shamsiyya 'yar ƙanwar Modibbo ce, a cikin gari take da shagon kayan kwalliya, ita ce ma take raka Inna asibiti ta bar ta a layi ta tafi harkarta. Tun suna yara ake ce mata matar Yusha'u, ta kuma riƙe maganar da hannu biyu. Ta zo wai a zana mata tambarin shago, ta yi ta "amaryarmu, amaryarmu", tana latsa waya. Kafin la'asar hoton ya isa wurin Yusha'u, da 'yar magana a ƙasa: "Ashe yaya ya riga ƙane." Kafin Juma'a ya isa Bobi.

"Ki faɗa kawai," in ji Mama, ta tsaya a kanta a tsakar gida. "Wa ya sa ki?"

"Amana ce, Mama."

"Amanar da za ta ci miki aure da mutunci? A gidan suna jiya sai da aka yi shiru da na shiga. Ni da na ce tun farko ba na so."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Ni kike yi wa karin magana?"

"Yi haƙuri, Mama. Amma ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba."

Mama ta dubi Malam Mahfuz da ke alwala. Shi dai ya ce, "'Yata ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Taurin kai ne da ita, kuma ba a ƙasa ta tsinta ba." Mama ta ce da wa yake, ya ce da butar.

Sati biyu Yusha'u bai kira ba. Bashira tana kwana da waya a hannu, tana tashi da ita, ta rame har zobensa ya fara juyawa a yatsanta. Tana son sa, son da ita kanta take jin haushinsa. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san ciwon da ke cin sa. Ran da Auwal ya nutse, Yusha'u ya kamata ya je ya taya shi ƙetarewa. Ya buga wa mahaifinsa waya ya ce aiki ya riƙe shi, alhali yana shagonta suna cin gasasshiyar masara. Tun daga ranar bai sake cin masara ba, bai kuma taɓa tada maganar ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yanzu ya samu wanda zai hango.

Laraba ta zagayo, Inna ta shigo.

"Na ji abin da ake faɗa a kanki."

"Zauna, Inna."

"Sau uku ina zuwa bakin ɗakin Malam. Sau uku ina komawa." Ta kama hannun Bashira. "Ba zan iya ba, ɗiyata... harshena ya ƙi. Matsoraciya ce ni, haka na kashe wancan."

Bashira ta riƙe hannun Inna. Ta so ta ce, to ni fa? Ni wa zai yi min magana? Ta dubi idanun da yana ta rufe, ta haɗiye.

"Ban ce ki faɗa ba, Inna. Ni na bar shi a buɗe, ni zan ɗauka."

"Laraba mai zuwa Malam zai zo gidanku. Ya ce zai janye maganar."

"Allah ya kawo shi lafiya."

Ya kuwa zo, bayan azahar, daga asibiti kai tsaye. Aka shigar da Inna cikin gida wurin Mama, maza suka zauna a falo. Modibbo dogo ne, farin gemu, maganarsa a hankali kamar mai karanta wasiƙa. Yusha'u na zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kansa a sunkuye. Aka kira Bashira, ta zo da zanen a naɗe cikin zane, ta durƙusa ta gaishe su.

"Yarinya," in ji Modibbo, "ban zo cin mutuncin gidan nan ba. Abu biyu nake nema. Ki faɗa min yadda kika san fuskar ɗana. Sa'an nan a kawo ruwa a jiƙa takardar nan, mamaci ya huta. In kin yi, in amsar ta wanke ki, rana tana nan."

"Allah ya gafarta Malam, ban taɓa ganin ɗanka ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"To wa ya siffanta miki shi?"

"An ba ni amana."

"Ni ubansa ne."

"Na sani, Baba. Amma ba kai ka ba ni ba."

Malam Mahfuz ya yi gyaran murya. Modibbo ya ɗaga masa hannu.

"Na biyun fa?"

"Shi ma ba zan iya ba. Ba nawa ba ne, da mai shi."

"Kin san abin da kike sayarwa da wannan shirun?"

"Na sani." Ta ɗago kai. "Ina son ɗanka, ban ɓoye ba, ko a gaban mahaifina. Amma in sai na tona wanda ya yarda da ni zan shiga gidanku, gobe ku ma ba ku da sirri a wurina. Gara a ce ban yi aure ba."

Modibbo ya juya ga ɗansa.

"Karɓo takardar. Ga buta nan."

Yusha'u ya tashi. Ya zo gabanta ya tsaya. Bashira ta rungume naɗin a ƙirji, ta ɗago ta dube shi, idanunta a bushe.

"In ka taɓa shi, Yusha'u, ko duniya ta taru ta wanke ni, na gama da kai."

Bai miƙa hannu ba. Ya juya ya durƙusa a gaban mahaifinsa, bayansa na wajenta.

"Baba, ina da magana."

"Ba magana na sa ka ba."

"Ran da Yaya ya rasu, na ce maka aiki ya riƙe ni. Ƙarya na yi. Babu aikin da ya riƙe ni, hira na tsaya yi. Da na zo, mu biyu za mu shiga ruwan." Ya share fuska da hannun riga. "Shekara guda ina neman wanda zan ɗora wa. Da aka turo min hoton nan, wallahi har wani sanyi na ji, na ce ashe ba ni kaɗai ba ne mai laifi a kansa. Na zarge ta don in samu sauƙi. Ban san ta ina ta san fuskarsa ba, Baba, kuma na daina tambaya. Ta ce ba ta gan shi ba, to ba ta gan shi ba."

Bashira ta cije leɓe. Abin da ta yi sati uku tana jira ke nan, sai ga shi ya zo ya same ta ba ta da ƙarfin murna.

Modibbo ya dubi ɗansa.

"Ƙaryarka tsakaninka da Allah ne," ya ce. "Amma auren nan, in ba amsa, ba da yawuna ba. Malam Mahfuz, ka yi haƙuri."

Ya dafa gwiwa zai tashi.

"Ni ce."

Daga bayan labule muryar ta fito, siririya, kamar ba ta so a ji ta. Labulen ya motsa. Inna Aishatu ta fito tana laluben bango, Mama na biye da ita baki buɗe.

"Koma ciki," in ji Modibbo. "Maza ke magana."

"Shekara talatin da ɗaya ina komawa ciki, Malam."

Bashira ta ce, "Inna, ba sai kin..."

"Yi shiru, ɗiyata. Kin yi naki." Ta tsaya a tsakiyar falon, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. "Ni na zo wurinta. Ni na faɗa mata hancinsa da kunnensa da haƙorinsa. Ni na sa ta rantse. Na zauna a bayan labulen nan ina ji ana yanka ta, ina cewa yanzu zan tashi, yanzu zan tashi. Haka na yi ran da ya zo min sallama yana rawar ɗari. Na ga zazzaɓi a jikinsa na yi shiru don kada a ce ba ni da kunya. Kunyar ta bar min me?"

Ta miƙa hannu. Bashira ta warware zanen ta sa mata takardar. Inna ta ɗaga ta kusa da fuskarta, a gaban mijinta, a gaban surukai, ta dube ta ido cikin ido. Bakinta ya buɗe ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Auwal."

Sunan ya fito a karkace, kamar na baƙon yare.

"Auwal, ɗana... kada ka tafi yau. Ba ka da lafiya."

Mama ta toshe baki ta fashe da kuka. Yusha'u ya kifa kansa a kan tabarma. Malam Mahfuz ya cire tabarau yana ta goge shi.

Modibbo bai dubi takardar ba. Tun shigowarsa bai dube ta ba. Yana kallon carbin da ke hannunsa ya ce, "Ni ma na gan shi da safen. Na ce a raina ai namiji ne."

Inna ta tako a hankali ta zauna kusa da shi, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta karkata takardar wajensa. Ya kau da kai. Ta bar ta a haka. Can sai ya juyo, ya duba, gemunsa ya fara rawa.

"Dariya yake yi," ya ce. "Yaushe yake dariya haka?"

"In ba ma nan."

Sai da aka kira la'asar Modibbo ya share ido ya dawo Modibbonsa.

"Abin da na sani game da zanen mai rai, ban canza ba. Takardar nan ba za ta shiga gidana ba. Amma ba zan sa a jiƙa ta ba, ta mai ita ce." Ya dubi Bashira. "In kin shigo cikinmu, za ki ajiye sana'ar nan?"

Mama ta zungure ta da ƙafa.

"A'a, Baba."

"Bashira," in ji Mama a ƙasan maƙoshi.

"Ƙyale ta, Hajiya. Da ta ce eh, da na san ƙarya take yi." Ya miƙe ya gyara rawaninsa. "Zan ci gaba da yi miki wa'azi, ke kuma ki ci gaba da taurin kanki, Allah ya shirye mu duka. Yarinyar da aka ci mutuncinta sati uku ba ta saki amanar tsohuwa ba, ban isa in ce ba na so ba. Rana tana nan. Ita kuma wadda ta yaɗa maganar, gidansu zan biya kafin in bar garin nan."

Maza suka fita masallaci. Yusha'u ya tsaya a soro yana jiran ta. Ta fito za ta wuce kamar ba ta gan shi ba.

"Zumata..."

"Wa?"

"Bashira."

"Yauwa. Mene ne?"

"Kin yafe min?"

"A'a."

Fuskarsa ta faɗi. Ta bar shi ya sha zafin na ɗan lokaci, don ita ma ta sha nata.

"Ka ce ina son yayanka a ɓoye. Ka bar ni sati uku ina kallon waya kamar mahaukaciya. Kana jin magana biyu a falo za su goge wannan?"

"To ya zan yi, hasken idona? Faɗa min ko mene ne."

"Ka aure ni ranar da aka sa. Yafiyar sai ka neme ta a cikin gida, kullum, har in ga dama."

Ya yi dariya da hawaye a fuskarsa.

"In ta ɗauki shekara hamsin fa?"

"Da ma kana da inda za ka ne?"

Zai amsa, ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Daga falo muryar Inna ke fitowa. Ba kuka take yi ba yanzu, hira ce, tana ba Mama labarin ran da ya fara tafiya, da yadda ya faɗa cikin ƙwaryar nono. Kowace jimla sai ta saka sunan a ciki, ko da bai kamata ba.

Yusha'u ya jingina da bango ya rufe ido.

"Ban taɓa jin labarin nan ba," ya ce.

"To je ka yi salla ka dawo da wuri," in ji Bashira. "Tana da na shekara talatin da ɗaya, kuma yau ta fara."